Hular haƙori ɗaya-ɗaya bincike ce? Rigimar rangwamen haraji a lab ɗin haƙori na Amurka

A Amurka akwai wata sana'a da mara lafiya bai cika ganin masu yinta ba. Ka je wajen likitan haƙori, ya feƙe maka haƙorin da ya lalace, ya zura 'yar sikana a bakinka ya ɗauki siffarsa, ya ce ka dawo nan da sati biyu. To a tsakanin nan wasu ne daban suke aikin, a wani wuri da ake ce ma lab, su ne za su zana hular da za a kifa ma haƙorin a kwamfuta, inji ya sassaƙo ta, su gasa, su yi mata launi, su goge ta har sai ta saje da 'yan uwanta. Kusan irin abin da muka sani da haƙorin Makka, sai dai wannan fari ne kuma dan tauna aka yi shi ba dan ado ba. Su ne kuma masu yin haƙoran roba na tsofaffi, da gadar da ke cike giɓi, da abin da ake ɗaura ma ƙarfen da aka dasa a muƙamuƙi.

Waɗannan mutanen ne 'yan kwansaltin haraji suka sa ma ido shekarun nan. Maganar da suke zuwa da ita kuwa mai daɗin ji ce, wai ai babu baki biyu iri ɗaya a duniya, kowace hula da kuka yi sabuwa ce fil ba a taɓa yin irinta ba, kun zana kun gwada kun gyara, wannan ai shi ne bincike, dan haka kuna bin gwamnati kuɗi na shekara uku baya, ku kawo takardun albashi mu lissafa muku mu ɗauki kasonmu. Ni dai a ganina rabin maganar nan gaskiya ce rabi kuma tarko ne, kuma abin da ke damuna shi ne mai ƙaramin lab wanda ya yi binciken gaske shi ne yawanci ba ya nema, wanda kuma aka zuga ya nema sau da yawa a kan aikin da bai cancanta ba aka ɗora shi.

Abin da suke nufi shi ne rangwamen harajin da gwamnati ke ba kamfanin da ya kashe kuɗi a bincike, wanda ya samo asali a 1981 zamanin Reagan, yana sashe na 41 na kundin harajin ƙasar. Da farko na wucin gadi ne, majalisa ta yi ta sabunta shi yana ƙarewa ana sake ɗagawa, har sai Disambar 2015 zamanin Obama da dokar PATH ta mai da shi na dindindin. Abin da ya sa ake rububinsa shi ne ba daga ribar da za a yanka ma haraji ake cire shi ba, daga harajin kansa ake cirewa, dala ɗaya ta rangwame dala ɗaya ce ta rage a abin da za ka biya. Kuma tun ƙa'idojin da aka fitar a ƙarshen 2003 aka daina cewa sai ka gano abin da duniya ba ta sani ba. Ya isa a ce kai ne ba ka sani ba, kuma bayanin da ke hannunka bai isa ya warware maka ba. Wannan sassaucin shi ya buɗe ƙofa ga ƙananan masana'antu, kuma daidai ne, dan ba masu farar riga a jami'a kaɗai ke bincike ba.

Sharuɗɗa huɗu ne, kuma dole a cika su duka, a kan kowane abu da ake ƙerawa ko kowace hanyar aiki daban-daban, ba a kan kamfanin gaba ɗaya ba. Biyu daga ciki ba su cika ba lab wahala ba. Aikin ya dogara da kimiyya ko injiniyanci ko ilimin kwamfuta, to gasa zirkoniya, farin tangaran mai ƙarfi da ake yin hular da shi, ai kimiyyar kayan ƙira ce zalla. Sannan manufar ta zama inganta aiki ko ƙarko ko nagartar abin, wannan ma da sauƙi in dai ba launi da kyan gani ake bi ba, zan dawo kan wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne sauran biyun: sai akwai rashin tabbas tun a farkon aikin, wato ba ka san ko zai yiwu ba, ko ta wace hanya, ko wane tsari ne daidai, sannan sai ka bi hanyar gwaji ta gaske dan kawar da rashin tabbas ɗin, ka ɗauko zaɓi fiye da ɗaya ka auna su, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 na aikin ya zama ɓangaren wannan gwajin ne.

Yanzu ɗauki hular turmi guda ɗaya ta yau da kullum. Fayil ya shigo daga likita da safe, ma'aikaciya ta buɗe shi a manhajar zanen haƙori irin exocad ko 3Shape, ta bi gefen haƙorin da aka feƙe ta ja layi, manhajar ta kawo mata siffar haƙori daga rumbunta, ta ɗan ja nan ta rage can dan ya haɗu da na sama in an ciza, minti kaɗan ta tura ma injin sassaƙa. An fitar da shi daga faifan zirkoniya yana da laushi kamar alli kuma ya fi girman da ake so, dan in ya shiga tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 1,500 zai tsuke da kusan kashi 20 cikin 100, kuma kamfanin da ya yi faifan ya riga ya rubuta adadin tsukewar a jikinsa, an shigar ma injin. To a ina rashin tabbas yake a nan? Ta san zai yiwu, ta san hanyar, ta yi irinsa ba adadi. Bakin mutumin ne sabo, ilimin ba sabo ba ne. In ma hular ta dawo dan ta yi tsayi an rage ta, gyara ne irin na kowane gwani, ba gwajin wani hasashe ba ne. Ƙwarewa ce babba, wallahi ba na raina ta, ido da hannun da ke gane cewa gefen nan ya bar kafar da ta wuce kima shekaru ake yi kafin a same su, amma doka ba ƙwarewa ta ce za ta saka ma ba.

Kuma ko da an lallaɓa an wuce sharuɗɗan nan, akwai jerin abubuwan da sashe na 41 ya fitar ƙarara, biyu daga ciki kamar da lab aka rubuta su. Ɗaya shi ne daidaita abin da ka riga ka iya yi zuwa buƙatar wani kwastoma na musamman. Ɗayan kuma duk abin da aka yi bayan an fara sarrafa kaya dan sayarwa, har da duba ingancin kaya na yau da kullum. Hular da likita ya rubuto a yi ma wane kaza, da kayan da lab ɗin ya saba, da tsarin da ya saba, ban ga yanda za ta kuɓuce ma na farkon ba. Sai kuma batun ado, dokar ta ce abin da ya shafi salo ko ɗanɗano ko kwalliya ba ya ciki. Kaga kenan zaman da ma'aikaci zai yi yana kara haƙoran gwajin launi na kamfanin VITA yana neman ko launin A2 ne ko A3, yana ɗiga ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a gindin haƙori dan ya yi kama da na maƙwabcinsa, duk kyansa bai shiga lissafi ba.

Akwai shari'ar da nake ganin duk mai lab ya kamata ya san da ita duk da ba ta haƙori ba ce. A 2021 Kotun Haraji ta yanke hukunci a kan Leon Max, mai kamfanin ɗinkin kayan mata a Kalifoniya, wanda ya nemi rangwamen a kan aikin zana tufafi da yanka da gwada su a jikin mutum ana gyarawa har su zauna daidai. Kotu ta ƙi, ta ga cewa wannan gwada-gyara ɗin aikin da masu sana'ar suka saba ne, kuma yawancin abin da ake nema salo ne da kyan gani. Lab ya fi shi hujja ta fuskar kimiyya, ba musu, amma tunanin kotun a kan cewa gwada abu a jikin mai shi ana ragewa ba ya zama bincike dan kawai an maimaita, wannan kai tsaye yake taɓa hujjar "kowace hula daban ce".

To ina binciken gaske yake? Yana nan, kuma yana da yawa, sai dai ba a kan teburin aikin kullum yake ba. A ce lab ya yanke shawarar komawa buga haƙoran roba da firinta maimakon tsohuwar hanyar kakin zuma da filasta. Kamfanin rezin, ruwan robar da firintar ke bugawa da shi, ya ba da umarni, an bi, amma ginshiƙin yana fitowa a ɗan karkace, ba ya kama dasashi yanda ya kamata. Mai lab da babban ma'aikacinsa ba su san dalili ba: kwanciyar da aka yi ma abin a kan farantin firinta ce, ko wurin da aka sa 'yan sandunan tallafi, ko daɗewar da ya yi a wanki, ko zafi da tsawon haskawar ƙarshe? Sai su buga abu ɗaya a tsaye, a kwance, a karkace, su sake sikanin kowanne su ɗora a kan ainihin zanen su ga inda ya kauce da maikiron nawa (ɗaya cikin dubu na milimita), su canza abu ɗaya su sake. Wannan shi ne abin da dokar ke nufi, ba ƙari ba ragi. Haka wanda yake so ya gajarta gashin zirkoniya daga na kwana zuwa na 'yan awanni, bai san ko ƙarfin zai ragu ko hasken zai dushe ba, ya gasa samfura a tsari daban-daban ya karya su a injin gwajin ƙarfi ya rubuta. Haka mai gwada ko zirkoniya mai yawan sinadarin itiriya, wadda ta fi wuce haske amma ta fi rauni, za ta iya ɗaukar gada mai tsawo a bayan baki ga mutumin da ke gurza haƙora cikin barci. Manyan kamfanoni irin Glidewell na Kalifoniya, da suka fito da hular zirkoniya mai suna BruxZir a 2009, su nasu a fili yake dan kayan suke ƙirƙira da kansu. Amma ƙaramin lab mai mutum goma ma yana yin irin wancan na firinta, sau da yawa da daddare bayan an tashi, kuma ko gwajin ya faɗi bai hana shi cancanta ba, doka ba ta ce sai an yi nasara ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani fili da gaskiya ba shi da sauƙi, kuma a nan ba zan ce 'yan kwansaltin ba su da abin faɗa ba. Mutumin da aka cire ma wani sashe na muƙamuƙi saboda ciwon daji ana so a yi mai abin da zai toshe ganɗa ya iya magana da haɗiya, ko cikakken jerin haƙora da za a ɗaura a kan ƙarafa huɗu da aka dasa a karkace kuma wurin ya yi ƙunci, a irin wannan da gaske ana iya rasa sanin wane tsari ne zai yi aiki, a yi na gwaji, ya tsage, a canza kauri ko a sa ƙarfen titaniyam a ciki. Ƙa'idojin 2014 ma sun yarda cewa samfurin da aka ƙera dan warware rashin tabbas yana iya shiga kuɗin bincike ko da daga baya an sayar da shi. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce in abin gaba ɗaya bai cika sharuɗɗa ba sai a matsa a duba wani ɓangarensa. Amma irin waɗannan aikin ɗaiɗaiku ne a cikin dubbai, kowanne kuma sai an kare shi da kansa. Ɗaukar wahalar keis ɗaya a shafa ma duk hulunan shekara, nan ne ake faɗawa rami.

Sai tambayar wa ya ɗauki asara. In wani ne ya biya kuɗin binciken ko an dace ko ba a dace ba, ko kuma kai ba ka da haƙƙin amfani da abin da aka gano, to naka ba ya ciki. A nan al'adar sana'ar tana taimakon lab, tunda yawanci in aiki bai zauna ba shi ke sake yi kyauta, ilimin da ya samu kuma nasa ne, sai dai abin da aka rubuta a yarjejeniya shi kotu ke dubawa ba abin da aka saba ba. Wani abin da ake mantawa kuma, duk binciken da aka yi a wajen Amurka da yankunanta ba ya ciki, alhali lab da yawa suna tura fayil ƙasashen waje a zana musu cikin dare, ko su tura aikin kacokan Chaina ko Biyetnam. Wannan kuɗin a cire shi tun kafin a fara lissafi.

Lissafin kansa ya fi abin da ake tallatawa ƙanƙanta. Abin da ke shiga shi ne albashin wanda ya yi gwajin da wanda ya kula da shi kai tsaye da wanda ya taimaka kai tsaye, gwargwadon lokacin da suka ba shi, sai kayan da suka ƙare a gwajin kamar faifan zirkoniya da rezin, sai kashi 65 cikin 100 na abin da aka biya wani na waje ya yi maka binciken. Firintar kanta da injin sassaƙa da tanderu ba sa ciki, dan kadara ce da ake rage darajarta shekara-shekara, kuma wannan yana ba masu lab haushi tunda nan ne kuɗinsu ya fi tafiya. Hanyar lissafi biyu ce, tsohuwar mai kashi 20 tana buƙatar tarihi mai tsawo, dan haka ƙanana sun fi bin mai sauƙin. A ce lab ya kashe dala 200,000 a binciken da ya cancanta bana, matsakaicin shekara ukun baya kuma dala 120,000 ne. Za a ɗauki rabin wancan, 60,000, a cire, saura 140,000, a ɗauki kashi 14 cikin 100, ya ba da dala 19,600. In ya zaɓi ragin sashe na 280C dan kar a taɓa mai abin da ya cire na kuɗin aiki, zai sauko wajen 15,500. In kuma a shekara ukun akwai wadda bai kashe komai ba, kashi 6 ne na kuɗin bana, dala 12,000. Kuɗi ne mai amfani ga ƙaramin lab, amma duk wanda ya ce maka za a samo ninkin-ba-ninkin haka, to albashin duk ma'aikatan sarrafa kaya ya zuba a ciki.

Sabon lab da bai fara cin riba ba shi ma yana da hanya. In kuɗin shigarsa na shekara bai kai dala miliyan 5 ba kuma bai wuce shekara biyar da fara samun kuɗin shiga ba, zai iya karkatar da rangwamen zuwa harajin albashi da yake biya, da dala 250,000 ce iyaka, dokar 2022 ta ɗaga ta zuwa 500,000. Rangwamen da ba a yi amfani da shi ba kuma ana iya ajiye shi har shekara 20. Sannan damuwar da ta taso daga 2022, lokacin da aka tilasta raba kuɗin bincike a kan shekara biyar maimakon cire shi lokaci ɗaya, abin da ya sa wasu suka ji tsoron ma kiran aikinsu bincike, dokar da Trump ya sa ma hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta janye ta ga binciken cikin gida, na waje ne ya rage a kan shekara 15.

Amma duk wannan bai kai batun rikod muhimmanci ba, dan a nan ne masu gaskiya ma suke faɗuwa. Siemer Milling, kamfanin niƙan alkama a Illinois, ya je Kotun Haraji da ayyukan da da jin su ka san akwai gwaji a ciki, amma a 2019 kotu ta ƙi saboda babu takardun da ke nuna me aka yi hasashe, me aka gwada, me aka samu. Little Sandy Coal kuma, mai kamfanin ƙera jiragen ruwa a Indiana, hujjarsa kusan irin ta lab ce, wai jiragen sabbi ne ba a taɓa yin irinsu ba dan haka yawancin aikin gwaji ne. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sabuntar abu ba ta isa ba, sai ka nuna da hujja wane kaso na aikin ma'aikata ne gwaji, ƙiyasin da aka yi da ka ba ya karɓuwa. IRS, hukumar harajin ƙasar, ita ma ta ƙara matsawa, tun Janairun 2022 duk mai neman a mayar mai da kuɗin shekarun baya sai ya lissafo kowane abu da ya yi bincike a kai da ayyukan da aka yi, fom 6765 na neman rangwamen kuma an ƙara mai sashen da ke neman bayani ɗaya bayan ɗaya. In odit ya zo aka soke, mai lab ne zai mayar da kuɗin da kuɗin ruwa, wataƙila da tarar kashi 20 a kai, shi kuwa ɗan kwansaltin ya daɗe da karɓar kasonsa.

Abin takaicin shi ne rikod ɗin da ake nema ba wani abu ne mai wuya ba, kuma lab na zamani ya riga ya fi yawancin masana'antu tara shi ba tare da ya sani ba: manhajar zane tana ajiye kowane kwafi da ranarsa, tanderu yana riƙe tsarin gashin da aka yi, firinta tana da tarihin duk abin da ta buga. Abin da ya rage shi ne shafi ɗaya tun ranar farko da ke cewa ga abin da ba mu sani ba, ga hanyoyi ukun da za mu gwada, sai hoton samfuran da suka karye da lambar kowanne, da awannin da wane da wance suka ba aikin a satin, a ware faifan da aka ƙona a gwaji daga na kwastoma a littafin sito. Sannan a rubuta ranar da aka ce to mun samu, daga yau haka za mu riƙa yi, dan daga wannan ranar duk haƙorin da ya fito daga firintar kayan sayarwa ne, lissafin rangwame ya tsaya a nan sai kuma in wata sabuwar matsalar ta taso.